Ranar da Na Miƙa wa Kububuwa Hannu

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ko da zan so in manta, domin ɗalibaina na lokacin sun girma, kuma duk inda muka haɗu a Minna sai sun tuna mini.

Ina shekarar ƙarshe a karatun malanta aka tura ni koyarwar gwaji wata makarantar 'yanmata a can ƙarshen Maitumbi, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Ilimin halittu nake koyarwa. Ni kuwa tun ina ƙarama mai tausayin ƙananan halittu ce, irin wadda za ta tsaya kallon tururuwa har shinkafa ta ƙone. Na karanta wani littafi mai hotunan macizai har bangonsa ya cire, na kuma ɗauka cewa duk wani maciji da ke ƙasar nan mun san juna.

Abin da ke damuna shi ne, a unguwar nan ba a tambayar maciji sunansa. Da an ga abu ya motsa a ciyawa, sai ihu, sai dutse. Ko damatsiri ne, ɗan koren nan siriri da ba ruwansa da kowa, haka za a farfasa masa kai. Sai na ƙudurta cewa ranar da malaminmu zai zo duba ni ya ba ni maki, darasina zai zama na ceton macizai marasa laifi.

Kamar an shirya, da safen ranar na ɗaga wani tsohon kwanon rufi a bayan aji, sai ga ɗan maciji a naɗe. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Launinsa na ƙasa-ƙasa, da ɗige-ɗige masu haske a gadon baya, kamar an yi masa aikin sirfani. (Har baiti biyu na tsara masa a zuciya. Allah Ya rufa asiri ban rubuta ba.) Na kifa masa bokiti, na ɗora dutse, na tafi ina murna.

Da malamin ya iso, wani dattijo mai farin gilashi da ake kira Malam Ndagi, na fito da 'yan ajina su jeru a gindin mangwaro. A ɗaya gefen shingen, Mama Saratu tana gyaran doyarta. Manomiya ce, gonarta ce ke maƙwabtaka da makarantar, kullum muna gaisawa idan keke ya sauke ni.

Na ɗaga bokiti. Yara suka watse da ihu, na kira su da murmushi irin na wadda ta san abin da take yi. Macijin ya lanƙwashe yana goga jikinsa da jikinsa, wata ƙara na fita kamar an zuba ruwa a mai mai zafi.

"Kun ji wannan ƙarar?" na ce. "Burga ce kawai. Akwai maciji mai shan ƙwan tsuntsaye da ke kwaikwayon kububuwa don a ji tsoronsa. Shi ne wannan. Bawan Allah ko haƙorin cizo ba shi da shi."

Wata yarinya, Hauwa, ta ce, "Malama, ke ya faɗa miki?"

Aka yi dariya. Malam Ndagi bai yi ba. Na lura ya ja da baya taku uku, ya ce a hankali, "Malama, daga nan ma muna gani." Ni kuwa na ɗauka ladabi ne. Na naɗe hannun hijabina, na durƙusa, na miƙa hannu zan kamo shi ta wuya kamar yadda na gani a hoto.

Ban san lokacin da Mama Saratu ta tsallako shinge ba. Ji na yi kawai an finciko hijabina ta baya da ƙarfin da ake tuge rogo da shi. Na tafi da baya na zauna daɓas cikin taɓo, ƙafafu a sama, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Daidai nan macijin ya kawo sara inda hannuna yake, ya sami iska.

"Malama, ka gaji da duniya ne?" in ji Mama. (A Hausarta kowa namiji ne, har ni.)

Fartanya ɗaya ta sauke masa. Sannan ta karyo tsinke, ta buɗe bakinsa, ta ɗago wasu haƙora biyu masu lanƙwasa, sirara kamar allura. Yara suka matso suna leƙe. Ina zaune cikin taɓon na ji muryar Hauwa:

"Malama, ko yau suka fito masa?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ƙofa.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta juya gawar da tsinke tana nuna wa yaran cewa kububuwa ce. Ta ce su dubi kan, mai faɗi, wuya siriri, jiki guntu mai kauri, wutsiya 'yar ƙil. Ta ce mai shan ƙwai na gaskiya akwai shi, ta sha ganinsa a sheƙar tsuntsu, shi kansa ƙarami ne, kusan ɗaya da wuyansa. "Amma wanda ya matsa kusa don ya auna wuya, ya riga ya shiga hannu." Sannan ta dube ni, muryarta ta sauka. Ta ce irin wannan ne ya sari ƙanenta a gona wajen Zungeru, jini ya ƙi tsayawa har ta dasashi, kafin a kai shi inda ake da allurar maganin dafin ya cika. Sai a lokacin na dubi hannun da na miƙa, na cusa shi cikin hijabi.

Malam Ndagi ya rufe takardarsa ya ce, "Darasi ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ban san sunan malamar da zan rubuta wa makin ba."

Na sake gwajin bayan mako biyu, a cikin aji, da alli da allo, ƙofa a rufe.

Da yamman ranar da abin ya faru na je gidan Mama da sabulu da sukari. Ta ƙi karɓa, sai ma ta ɗora mini doya biyu a kai, ta ce in gaida mahaifiyata, in ce mata ta yi sadaka. Na yi kuka a tsakar gidanta, ita tana ta bubbuga bayana tana cewa ya wuce.

Har yanzu ina son ƙananan macizai, ina kuma hana a kashe damatsiri idan na isa da wuri. Sai dai yanzu idan ɗalibai suka tambaye ni yadda ake bambance mai dafi da marar dafi, nakan faɗa musu duk alamomin, sannan in ƙara da wadda ta fi kowace: ana gane maciji ne da ido, daga nesa, hannu biyu a baya. Ina faɗa ina nuna musu da yatsuna, duka goman, waɗanda wata manomiyar doya ta bar mini.