Rasuwar Alfadari, Bayan Wankin Kafireta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa nake sanar da jama'ar Orozo rasuwar babur ɗina, Alfadari, ranar Asabar bayan azahar, a tsakar gida, a hannuna.

Marigayin dogo ne, mai kaushin taya, an yi shi don hanyar gona. Ya yi wa ma'aikatarmu bauta shekara tara kafin a yi gwanjonsa, ya shigo gidana. A zamanin nan da kowane ƙaramin darakta ke sauya jif kamar hula, shi bai taɓa jin kunyar tsayawa kusa da su a Garki ba. Matata Luba, Allah ya ji ƙanta, ita ta raɗa masa suna, kuma bayansa ne kujerarta har ta bar duniya.

Ciwon ajali ya fara da tari. Enoch makanike ya ce datti ne a kafireta, a kawo masa. Ni da na karanta littattafai cike da kabad biyu, na ga ba sai an je ba. Na kwance ta, na tafasa ta a tukunya da garin sabulu kamar kayan ciki, na zungure ƴan ramukanta da allura. Da na mayar, ya ce tuf, ya ce tuf-tuf, ya zubar da fetur, ya yi shiru. Enoch ya duba, ya cire hularsa. Irin wannan kafiretar an daina kawo ta.

Marigayin ya bar sukurori biyu da wani ɗan sifirin da ban san mazauninsa ba, suna cikin gwangwanin madara, sai ni.

Za a ɗauke shi ranar Litinin da hantsi, a baro, zuwa wurin ƴan gwangwan. Maƙwabcina Malam Datti, da kunnensa ya yi nauyi, ya ji ana zancen kafireta, ya ɗauka wai marigayin ya kafirta, ya ce ba zai zo ba. Kada a gyara masa.

Kafin a ɗauka, akwai zargin da zan wanke shi daga gare shi. Kullum Luba na cewa ba ya ganin rami a hanyar Karshi sai ya faɗa. Yana gani sarai. Ni nake saita shi, don ta riƙe ni. Na yi ta cewa wata rana zan gaya mata.