Ranar Da Na Wanke Gaurakar Nafisa

Ko zan manta komai na zamana a London, ba zan taɓa mantawa da ranar da na rangaɗa guɗa a gaban Turawa masu dogayen huluna ba.

'Yata Nafisa, shekararta goma sha bakwai, ta faɗa cikin wani abu wai shi steampunk. Yadda ta yi mini bayani, mutane ne masu shigar zamanin jirgin ƙasa mai kwal da tururi, suna ƙera injinan da ba a taɓa yin su ba, kamar duniya ta tsaya a can ba ta san lantarki ba. Na tambayi wata abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi, ta ce ai wannan yayi ya daɗe da wucewa. Na ce to, 'yata ta samu gawa ta rungume.

Wata uku tana kulle a ɗakinta a flat ɗinmu na Tottenham, da tarkacen tsofaffin agoguna da guntayen tagulla. Gasa za ta shiga, ta farko a rayuwarta, kuma babu abin da take so kamar waɗannan mutane su ɗauke ta tasu. Ana gobe taron, ta tafi college, na shiga ɗakin da tsintsiya, na ga abin a akwati. Gauraka ce ta tagulla, har da tukkunta. Kyau kam ba a magana. Amma dauɗa! Baƙi-baƙi, kore-kore, tsatsa har cikin fukafukai.

Ni kuwa 'yar Zariya ce. A gidanmu tukunya ba ta kwana da baƙi (mahaifiyata har gindin tukunya take dubawa kafin ta amsa gaisuwarka). In bar 'yata ta fita bainar jama'a da wannan, a ce uwarta ƙazama ce? Na samo toka a wurin maƙwabcinmu mai gasa nama, na yanka lemun tsami, na ɗauko soson ƙarfe. Awa huɗu ina dirza, har sai da na ga haƙorana a ƙirjin tsuntsun. Na mayar da ita cikin ƙyallen da na tarar an naɗe ta da shi, na rufe akwatin, ina ta murmushi ni kaɗai.

Washegari muka isa wani tsohon gidan injin ruwa a gabashin London. Na zaci mutum goma zan tarar. Wallahi sai da na tsaya a bakin ƙofa na riƙe baki. Wurin cike yake maƙil. Ga wani inji mai tsayin bene yana numfashi, tururi na tashi, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafata. Wata tsohuwa ta mayar da keken guragunta kamar jirgin ruwa. Wani uba da 'ya'yansa biyu sun ɗaura fukafukan fata masu buɗewa da kansu. Kowa da abin da ya ƙera da hannunsa, a garin da ko maɓalli ya tsinke sai a jefar da rigar. Ashe ba gawa ba ce.

Abin da idona bai lura da shi ba, saboda sakarci, shi ne duk kayan wurin babu mai walƙiya ko ɗaya.

Aka kira Nafisa. Alƙalin gasar, wani dattijo mai murɗaɗɗen gashin baki, ya karanta takardar da ta rubuta, domin kowane abu da labarin da aka ƙaga masa: wai an tono tsuntsun nan ne daga lakar kogi bayan ya shekara ɗari a binne. Nafisa ta yaye ƙyallen.

Hasken ya doki fuskar dattijon har ya kare idonsa. Ni kuwa na miƙe, na kama hanci, na saki guɗa irin ta ranar kai amarya, na ɗora da, "I washed it! Ni ce nan na wanke!"

Dariya ta ɓarke. Na juya ina jiran godiya, sai na ga fuskar 'yata. Ban taɓa jin ina son ƙasa ta tsage in shige ba kamar lokacin. Ta daure ta murɗa makullin da ke jikin tsuntsun, gaurakar ta buɗe fukafukai ta sunkuyar da kai, aka yi ta tafi. Amma gasar ta nuna tsufa ce, don haka Nafisa ba ta samu komai ba.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, da muka kusa sauka, ta juyo ta dube ni.

"Mama, tsatsar nan ni na sa ta. One by one, da brush."

Na ce, "Ki yafe mini, uwata."

Bayan kwana biyu ta ajiye mini gishiri da ruwan tsami a teburin kicin, ta ce tunda na iya cirewa, sai in koyi mayarwa. Yanzu duk Lahadi, ni 'yar Zariya, ina zaune ina shafa wa tagulla dauɗa a tsanake, tana tsaye a kaina tana cewa bai yi baƙi sosai ba. Na dai koyi darasi: kafin ka wanke abin wani, tambaye shi ko dauɗar ma aikinsa ce. Allah Ya sa kada labarin nan ya isa Zariya.