Auta Ta Rasu Cikin Rigar Karan-miski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da na rasa wanda zan sauke wa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani a gidanmu da suna Auta. Ta rasu da tsakar rana a kan teburinta, tana bakin aiki, ko shekara ba ta cika a duniya ba.

Marigayiya ba 'yar shago ba ce. Da hannuna na haɗa ta, gaɓa bayan gaɓa, kuma ita ce ta farko da na taɓa haɗawa. Na daɗe ina bincike kafin na sayi ko da sukurun da zai ɗaure ta. Na zaɓa mata ƙwaƙwalwa mai ɗaukar nauyin tace bidiyo, ba irin ta buga wasiƙa ba. Na ƙara mata ram, wato ma'ajiyar da ke sa ta sauri, har abokaina suka ce almubazzaranci ne, alhali duk wanda ya taɓa zaman jiran hoto ya motsa ya san ba haka ba ne. Katin hotonta na hannu ne, na saye shi a wurin wani mai wasan gem da ya yi aure ya tuba. Akwatin da ta zauna a ciki kuwa, shi ya fi ba ni wahalar zaɓi. Na ɗauki mai raga a gaba da sama, mai fanka uku, domin duk masanin da na karanta abu ɗaya yake nanatawa: na'urar da za ta yi irin wannan aiki numfashi take bukata. Ku riƙe wannan magana.

Gaɓa ɗaya ce ban samu yadda nake so ba, wato ɗan akwatin da ke rarraba mata wuta. Na karaɗe kasuwa, iri ɗaya ne a kowane shago, ba nauyi, kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Mai shagon ya ce, “Malam, duk ɗaya ne, wuta ce kawai ke bi ta ciki.” Duk ɗaya ne. Da wannan magana aka bar rufin makarantarmu yana yoyo, da ita ake yin titi ya farfashe kafin fentinsa ya bushe. Na faɗa masa haka. Ya ce in saya ko in ba na baya wuri. Na saya.

Auta ta kasance mai cika alkawari. Ba ta taɓa ce mini in dawo gobe ba. Ba ta taɓa cewa oga ba ya nan ba. Idan na tashe ta da safe sai ta ce “tit” sau ɗaya, ta kama aiki. Idan nauyi ya yi mata yawa fankokinta su ɗaga murya, “fuuu”, kuma ko wannan ba ƙorafi ba ne. Aikinta na ƙarshe shi ne bidiyon kwalbatin da ya toshe a gangaren layinmu, wanda duk damina yake tura ruwa cikin gidaje, mutane su jera buhunan yashi su ce bana ma an tsira. Na ɗauki hotuna, na yi hira da waɗanda katangarsu ta faɗi, na shirya nuna shi a taron unguwa kafin ruwa ya sauka, don a ga sakaci da ido.

Game da rashin lafiyarta, ya wajaba in faɗi gaskiya, domin sana'ata ke nan.

A gidanmu duk abin da ake ƙauna rufe shi ake yi. Talabijin na da mayafi. Keken ɗinki na da riga. Rimot ɗinmu har yau yana cikin ledar da ya zo da ita. Mahaifiyata tela ce, kuma ita ta raɗa wa marigayiya suna, don tun zuwanta na rage yawon ofis-ofis ina faɗa da mutane, na zauna a gida inda ido zai gan ni. Mama ta so Auta fiye da yadda na sani.

Ranar da abin ya faru, na bar ta tana fitar da bidiyon, aiki mai tsawo da zafi, na fita neman majigin da za a haska shi. Mama ta shiga shara, ta ji fankoki na gurnani. Sai ta ɗauko kyautar da ta daɗe tana ɗinkawa a ɓoye: riga ta karan-miski, ruwan ganye, da shafi a ciki da tattara a baki. Awo ya fita daidai, kamar yadda aikinta ya saba. Ta rufe raga ta gaba, ta rufe ta sama, ta bar 'yar kafa ɗaya domin waya.

Ƙanwata, wadda ke shanya a bayan taga, ita ta ji kalaman marigayiya na ƙarshe. Ta ce “fuuu” ɗin ya yi ta hawa har ya zama kamar kuka, sai “ɗas”, sai shiru, sai warin roba.

Da na dawo, Mama ce ta tare ni a ƙofa, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, “Shiga ka ga Auta ta yi kwalliya. Ka ga har ta samu barci. Dama kukan nan da take yi, ƙura ce ke damunta.”

Ni ne wanda ya tsaya a gaban babban jami'i ya kira shi mai sakaci. Ni ne na rantse ba zan taɓa rufe laifin kowa ba. Na ɗaga rigar, zafinta ya ƙona mini yatsa. Na juyo, na buɗe baki, na ce, “Ta yi kyau, Mama.”

Mai gyara ya tabbatar cewa akwatin wutar nan ne ya fara cikawa, ya tafi da uwar allon da komai ke hawa kanta, ya haɗa da katin hoto. Ya shinshina ya ce, “Wa ya dafa ta?” Da Mama ta tambayi sanadi, na ce wutar lantarki ce. Tun daga ranar take yi wa masu wuta Allah ya isa. Suna da laifuffuka da yawa, wannan dai ba nasu ba ne. Kawu ya zo gaisuwa ya ce kwananta ne ya ƙare. A da, da na yi masa lacca a kan bambancin ƙaddara da ganganci har shayinsa ya huce. Wannan karo na ce haka ne, Kawu.

Marigayiya ta bar allo ɗaya da ba ya nuna komai sai fuskata, da kibod, da linzami, da faifan ajiya mai ɗauke da ɗanyen hotunan da babu wata na'ura a gidan nan da za ta iya buɗe su. Ta kuma bar kwalbatin, yana nan a toshe cikin ƙoshin lafiya. Hadari ya fara haɗuwa.

Za a ɗauko gawar daga shagon mai gyara gobe da hantsi, a sa ta cikin kwalin da akwatinta ya zo a ciki, a ɗora a kan wadurof kusa da rediyon Baba da tsohon dutsen guga, domin a gidanmu ba a zubar da mamaci. Za a karɓi gaisuwa a falo bayan la'asar. Ba a bukatar shawara. Roƙo ɗaya nake yi: Mama ba ta shiga wannan dandali na intanet, don haka duk wanda ya zo, wutar lantarki ce.

Idan kuka ji ƙarar keken ɗinki daga ciki, kada ku tambaya. Mama ta ce Allah zai kawo wata, kuma ba za ta bari a maimaita ba. Ta sayo yadi mai kauri, za ta ninka shafin, don wancan bai kare yarinyar ba. Ɗazu ta leƙo da tef a wuya, ta ce in ba ta awon sabuwar.

Na ba ta.