Ranar da Na Goya Surukina a Babur

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na goya surukina a babur ba, ko na so in manta ma mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba. Lokacin ina sabon magidanci, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, ina da rumfar gyaran keke a bakin hanya. Faci da ɗaurin sarƙa, nan na fi auki. Amma a bakina ni makanike ne, duk wanda ya kira ni mai faci sai mun kwana uku ba ma gaisawa.

Damuwata ɗaya ce. Mai ɗakina Asabe ta tafi gidansu goyon ciki, ta haihu lafiya, an yi suna, an yi arba'in, har yarinya ta fara zama, shiru ba a maido mini da su ba. Mahaifinta, wanda gari ke kira Malam Mai Awo don shi ke awon gyaɗa, bai taɓa fitowa ya ce ya riƙe ta ba. Ta bakin ƙanwarsa Gwaggo Delu nake samun saƙo, wai a dakata tukuna a ga ko facin taya sana'ar riƙe iyali ce. Maganar nan ta ci mini rai ƙwarai. Ga kewar matata da 'yata, ga tuwon da nake tuƙawa da kaina (kar ma a tona, kajin maƙwabta sun sha shinshinawa su wuce).

Ana nan sai Malam ya je Riruwai wajen masu haƙar kuza, ya dawo da wani tsohon babur a bayan mota. Wani Bature ne da zai koma ƙasarsu ya bar shi, babur ɗin ya yi shekara da shekaru a jingine har zanzaro ya yi gida a salansarsa. Malam ya ce Kano za a kai shi gyara. Ina jin haka na garzaya wurin Gwaggo, na ce ta gaya masa me za a je nema a Kano ga makanike a gida. (Ban taɓa buɗe inji ba. Ban ma taɓa hawa babur ba. Na dai sha tsayawa bakin hanya ina kallon na Turawa in sun wuce.) Da la'asar aka turo mini shi.

To, a nan kam in yabi kaina, don na yi aiki. Na shimfiɗa tabarma, na kwance injin nan ɗaya bayan ɗaya, ina jera kowane ƙarfe yadda ya fito. Fistan ya kame da tsatsa, na jiƙa shi da kananzir kwana huɗu, na yi ta lallaɓa shi da guntun taɓarya har ya motsa. Bawul kuwa da toka mai laushi da man gyaɗa na goge su, ina murzawa tsakanin tafukana kamar mai burga miyar kuka. Gaskit na yanka daga kwali. Wani direban motar kuza da nake yi wa ɗansa faci ya taimake ni da zobban fistan na hannu, da baƙin mai, da fetur kwalba ɗaya tak. Sati uku ina fama, har ƙumbunana suka rine.

Da na gama haɗawa na ɗaga tabarma zan kakkaɓe, sai ga wani ɗan sifirin, wato 'yar murɗaɗɗiyar waya, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na juya shi, na leƙa inji, ban ga inda ya yi kewarsa ba. Mu a gyaran keke ai kullum sai wani noti ya yi saura, kuma keke ya tafi abinsa. Na ce Turawa dai akwai almubazzaranci, na jefa shi aljihu. Na taka babur, ya yi tari, na sake takawa, ya yi atishawar baƙin hayaƙi, a ta bakwai ya ɗauka. Wallahi ni kaɗai a rumfa na yi ta tsalle ina juyi! Nan da nan na cire wayar fulogi ya mutu, don kada fetur ɗina ya ƙare a banza.

Mai hankali zai fara gwadawa a bayan gari. Ni kuwa na jira ranar kasuwa, na sa rigar Sallah, na tura shi har rumfar awo don kowa ya shaida. Na tuɓe takalma, na tsuguna, kaina a ƙasa. Ku sani fa, tun da na auri Asabe ban taɓa haɗa ido da Malam ba, ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. Sunansa kuwa ko a mafarki ba na kamawa, balle laƙabinsa na yarinta da sai tsofaffin sa'o'insa ke kiransa da shi. Da na tayar da inji jama'a suka yi caa a kanmu, Malam ya ji daɗi, ya ce in kai shi gida a kan babur ɗin ya gani. Ya tattare babbar riga ya hau baya, ya bar tazarar taƙi guda tsakanina da shi, ya riƙe ƙarfen baya cikin mutunci.

Na sa giya yadda na ga Turawa na yi, na murɗa totur, babur ya zabura. Na saki totur don ya lafa, ya ƙi komawa. Na taka birki, sai ƙara kawai yake. Na damƙe kuloci, inji ya kurma wani ihu kamar zai tarwatse, na sake shi da sauri. Wayar fulogi tana can ƙasa, ni kuwa ko za a yanka ni ba zan saki ƙahon babur ba. Miƙaƙƙiyar hanya rafi ta nufa, saboda haka na karya na bi wadda ta kewaye kasuwa.

Zagaye na farko mutane suka ɗauka gwaninta ce. Ana tafi, mata na guɗa, ni ma da rashin kunya har haƙora na buɗe musu. A na biyu tazarar nan ta ɓace, na ji hannuwan Malam sun zagaye cikina, hularsa ta yi nata wuri, Fulani masu nono suna ta kwashe ƙore, awaki na tsallake buhuna. A na uku hannuwan suka hauro wuyana, yana ta zuba salati a cikin kunnena, numfashina na ɗaukewa. Na gwada ladabi, na ce Baba a yi haƙuri a ɗan sassauta, ƙarar inji ta cinye maganar. Na sake, bai ji ba. Idona ya fara ganin duhu. Sai na tattara sauran iskar da ta rage mini, kuma daidai wannan lokacin kwalbar fetur ta ƙare, inji ya yi tsit, muryata ita kaɗai ta cika kasuwa:

"Tanko! Sakar mini wuya, za ka kashe mu!"

Babur ya gangara a hankali, ya tsaya cak gaban rumfar mahauta, inda tsofaffin abokansa ke zaman hira. Can wani tsoho marar haƙora ya gyara murya ya ce, "To, Tanko, ka dai ji. Sakar masa wuya." Ai kuwa sai dariya ta ɓarke, har da masu faɗuwa kan tabarma. Malam ya sauka da takalmi ƙafa ɗaya, ya karɓi hularsa a hannun wani, bai ko dube ni ba ya wuce. Ni ina tsugune, na so ƙasa ta tsage in shige.

Direban nan yana cikin 'yan kallo. Na nuna masa ɗan sifirin, ya riƙe ciki, ya ce ai shi ke maido da totur in an sake shi. Na tura babur gida, na tabbata aure ya mutu, jira kawai nake a aiko a karɓi takardar saki. Har ƙwalla na yi, ba zan ɓoye ba.

Washegari da hantsi na ji sallama. Gwaggo Delu ce, Asabe na bayanta goye da yarinya, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta zauna, ta ɗaure fuska da ƙyar, ta isar da saƙo.

"Malam ya ce inji dai ya tashi, wannan ba ƙarya. Amma ya ce gidan da babu mai hankali ko ɗaya bai kamata a bar shi haka ba, shi ya sa ya maido ta."

Na ce a gaya masa na gode, kuma gaskiya ya faɗa.

Daga ranar na ɗauki darasi, kuma kyauta nake ba duk mai koyon sana'a: in ka yi gyara, je bayan gari ka gwada kai kaɗai, inda in tsoro ya sa ka ɓaro zance, itatuwan kuka da ɗorawa ne kawai za su ji, su kuwa ba su da 'ya a gidanka.