Kanwa a Tankin Kawu

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma na zuba kanwa a tankin tarwadar Kawu a Kalmalo. Na karanta cewa kifi na buƙatar ma'adinai don ƙarfin ƙashi, ga shi awakinmu da kanwa suke ƙiba. Har awo na yi da cokali.

Nan take kifayen suka haukace, suna dukan bango. Jarin Kawu ke nan kaf. Da sauri na kira shi, muka yi ta canza ruwa ina tambaya, "Kawu, za su rayu?" Sai da ya tsamo matattu bakwai ya ba ni amsar da har yau ake maimaita mini:

"Saura sun tsira, Malama. Gobe mi za ki ba su, harawa?"