Ranar da na ceci Sha'aibu daga gitarsa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar a garin Keita, kuma ko na so in manta mutanen garinmu Bouza ba za su bari ba. Na gaji da jin labarin a bakin wasu, kowa da ƙarin gishirinsa, shi ya sa zan ba da shi da kaina. Amma daki-daki zan bi, don ban iya fara magana daga tsakiya ba.

Da farko, ni. Na yi shekaru ina surbeyan a kwalejin garinmu, wato ni ne mai tsayawa bakin ƙofa da safe, mai jera yara a layi, mai kama wanda ya makara. Karatuna bai yi nisa ba, amma tsari na san shi. Har na aje aiki ban taɓa barin abu na biyu ya riga na farko ba.

Na biyu, Sha'aibu. Ɗan ƙanwata Hasiya ne, shi kaɗai gare ta, a hannuna ya girma bayan rasuwar ubansa. Ya yi lakwal, wato boko, ya bari, ya koyi walda ya bari. Abin da bai bari ba shi ne gita. Na yi faɗa har na gaji, ƙarshe na kafa doka: a gidana zai kaɗa, amma ba kuran, wato wutar lantarki, ba bafil mai ƙara sauti, ba tara jama'a. Saboda haka duk tsawon shekarun nan abin da nake ji daga ɗakinsa ɗan sauti ne siriri mai tsabta, kamar ruwa na ɗiga cikin kwano. A hankali na fara son abin (ban taɓa gaya masa ba, kada ya samu bakin magana).

Na uku, gardama. Muna da fadar shayi a ƙofar shagon Illa. Illa taubashina ne, ɗan gwaggona, tun muna yara yake da lasisin zagina ba mai hana shi. Shekarar nan wata cuta ta shigo fadar: kowa ya ciro waya yana nuna masu kiɗan gita, daga na arewa masu rawani har Turawa masu gashi har kafaɗa, irin kiɗan da suke ce wa rok. Kullum maganar ɗaya ce, wane ne gwani.

"Mai sauri shi ne gwani," in ji Illa. "Yatsun nan in ba ka ganinsu, to an kai."

Mushe Abdu, malamin lakwal ne mai son dogon bayani, ya ce, "Sauri ko ɓarawo shina da shi. Gwani shi ne wanda zai ja tsirkiya guda, ka tuna da wanda ka rasa."

Tela Mamman ya ce shi ma'auninsa tsofaffin mata ne. In tsohuwa ta aje sandarta ta shiga fili, an samu gwani.

Ni ba na kallon waya, idona ba ya so. Amma kunnena yana ji, kuma abin da ke fitowa daga wayoyin nan wani lokaci sai ka ce jaki aka ɗaure a rana. Rannan na gaji na aje kofina na ce su saurara. Gwani sharaɗi uku gare shi. Na ɗaya, sautinsa ya fita tsab, kowace tsirkiya a ji ta daban. Na biyu, ya tsaya wuri guda kamar mutum mai mutunci. Na uku, ya san lokacin tsayawa. Na ƙara da cewa wannan kururuwar da nake ji ba kiɗa ba ce, wayoyinsu ne suka lalace.

Mushe Abdu ya buɗe baki zai yi bayani, sai Illa ya dafa masa gwiwa.

"Gaskiya ta ka, Surbeyan," ya ce da ni, fuskarsa a natse. "Wayoyin ga duk sun mutu. Kai kaɗai ka gane."

Tun muna yara Illa bai taɓa ba ni gaskiya ba. Ya kamata in tsorata. Maimakon haka sai na tafi gida ina jin daɗi.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ba ta wasa ba ce. Damina ba ta yi kyau ba, samarin unguwa sun fara ɗaure jaka za su tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya. Sha'aibu ya ce shi ma zai bi ta hamada. Hasiya ta daina cin abinci sosai. Ana cikin haka wani mai ƙungiyar kiɗa daga Tahoua, Agali sunansa, ya aiko cewa mai gitarsa na biyu ya tafi. Za su yi wasa a wani biki a Keita, Sha'aibu ya zo ya gwada. In ya yi, ya samu aiki a gida. In bai yi ba, jakarsa na nan a ɗaure.

Na ce zan raka shi. Illa ya ce shi ma yana da hanya a Keita (ƙarya ce, ba shi da kowa can).

Mun isa da wuri. Ba wanda ya sa ni, amma na zagaya na duba komai: inda aka kafa rumfa, inda mata za su zauna, inda wayar kuran ta bi, da inda aka aje gurup, injin ba da wuta, bayan katanga yana ta ƙugi. Na lura an haɗa wayar a wuri biyu da leda. Ban ji daɗin haka ba, na riƙe abin a raina.

Bayan sallar la'asar aka fara. Agali dogo ne, ya rufe bakinsa da rawani, ba ka gane ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Da suka ɗan yi nisa sai ya ja baya ya yi wa Sha'aibu nuni da kai. Yaron ya matso gaba. Ya fara a hankali, tsab-tsab, irin wanda nake ji a gida, kuma yana tsaye wuri guda. Na waiwayi Illa na ɗaga masa yatsa ɗaya, sannan biyu. Mata suka fara guɗa. Wallahi ƙirjina ya cika.

Sai ya taka wani ɗan akwati da ke gaban ƙafarsa.

Gitar ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Ya matsa kusa da bafil, abin ya koma ihu. Na ga yaron ya banƙare, kansa ya yi baya, idanunsa a rufe, bakinsa a karkace, hannunsa na rawa a wuyan gitar kamar ya kasa saki. Sannan ya zube a kan gwiwoyinsa. Jama'a suka ɗauki kuwwa. Ni kuwa abu guda na gani: wayar nan mai leda. Kuran ya kama ɗan Hasiya a gaban idona, mutane kuma suna ihu ba wanda ya motsa.

An taɓa koya mana taimakon gaggawa a kwaleji, kuma ni ba na manta darasi. Mataki na ɗaya, a yanke kuran. Na tsallake benci da babbar rigata, na zagaya katanga, na kashe gurup. Mataki na biyu, a nemi busasshen ice. Na ga taɓarya jingine a ƙofar gidan biki, na sure ta. Mataki na uku, a raba mutum da abin da ya kama shi. Na keta fili a guje, na sa taɓaryar a ƙirjin Sha'aibu na tura. Ya faɗi rigingine, gitar ta yi gefe.

"A kawo madara!" na daka tsawa. "Madara, maza!"

Sai a lokacin na ji shirun. Irin shirun da ban taɓa samu ba ko a layin safe. Sha'aibu ya ɗago kai daga ƙasa, lafiyarsa lau, sai ƙasa a ƙeyarsa.

"Kawu, mi na yi?"

"Kwanta! Kak ka yi magana, kuran na cikin jikinka."

"Kawu, wane kuran? Kiɗin ke nan. Nan ne wurin da ya fi daɗi."

Na ɗaga ido. Ƙawayen amarya duk sun ɗaga wayoyi suna ɗaukata. Wata tsohuwa da ta riga ta aje sandarta ta shiga fili tana tsaye tana harara ta. Illa kuwa ya sauka daga kujera, yana zaune a ƙasa yana dukan cinya don dariya, hawaye na zuba.

"Ku ba shi madarar shi sha," yake cewa, yana nuna ni. "Shi ne abin ya kama!"

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma gurup ɗin tsoho ne, da na kashe shi ya ƙi tashi. Aka ja igiya aka ja, aka kira mai gyara, har aka kira sallar magariba. Wasa ya watse ke nan. Uban ango ya zo ya tambaye ni ko ni dangin wane ɓangare ne. Na ce ba ko ɗaya. Ya daɗe yana kallona, ya juya ya tafi, kuma da zagina ya yi da ya fi mini.

A mota ba wanda ya yi magana sai Illa, shi ma ba magana yake ba, shessheƙa yake. Kafin mu kai Bouza bidiyon ya riga mu isa. Hasiya ta tare ni a zaure ta ce, "Yaya, da hannunka?" Ta juya ta shiga. Washegari na ga Sha'aibu ya wanke jakarsa ya shanya.

Ban taɓa ba wanda na girma haƙuri ba, amma na shiga mota na tafi Tahoua na nemi Agali. Na same shi yana dafa shayi. Na fara jero masa bayani, na ɗaya, na biyu, sai ya ɗaga hannu.

"Baba, zauna. Na daɗe cikin sana'ar ga. Na ga wanda ya sa mata kuka, na ga wanda ya sa anka karya benci. Ban taɓa ganin wanda ya kaɗa har kawunsa ya ɗauko taɓarya ba. Shi zo ran Juma'a." Ya miƙo mini kofi. "Amma da sharaɗi guda. In muna wasa, kai ka zauna gida."

Na karɓa.

Sha'aibu bai tafi biɗa ba. Yana Tahoua, yana zuwa ganin uwarsa, Hasiya ta koma cin tuwonta. Ni kuwa har yau ban taɓa ganin wasansa ya kai ƙarshe ba. A fada an daina gardamar sauri da tsabta. Yanzu in an nuna sabon mai gita, tambaya ɗaya ake yi: "Ya kai a kashe mishi gurup?" Ko bikin suna na je, sai an sa wani ya zauna tsakanina da katanga.

Darasi biyu na ɗauka, ga su a jere. Na ɗaya, kafin ka ceci mutum, tambaye shi ko mutuwa yake ko daɗi yake ji. Na biyu, duk ranar da Illa ya ce gaskiya ta ka, tashi ka koma gida ka kwanta.