Rasuwar Jummai, Bashen Malam Illa

Da zuciya cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin Allah, Malam Illa na unguwar Zango a Damagaram yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Jummai, farar bashe mai buɗaɗɗen baya. Ta cika ranar Talata da azahar a kan hanyar Hamdara, bayan gajeriyar jinya da dogon kuka.

Marigayiyar ta shigo hannun Illa wata ranar Juma'a, daga nan ta samo sunanta. Da tsufanta ta zo, ba a san hannu nawa ta bi ba. Da safe takan ce "kyaf, kyaf," ta yi shiru sai an tura ta, sannan ta ce "garrr" ta kama hanya. Maƙwabta sun shaida ba ta taɓa hana kowa ladan turi ba. Ta ɗauki gyaɗa, ta ɗauki raguna, ta kai masu naƙuda likita. Da farin nan ya tsananta, rijiyoyi suka ƙafe, sai aikinta ya koma ɗaya: kai tano, wato babban duron ruwa, ƙauyen su Illa kusa da Hamdara, inda mahaifiyarsa Inna Zuliha ta ƙi tashi, ta ce ba ta barin kushewar mijinta. Ita da tsofaffin da suka rage, abin da Jummai ta kawo shi suke sha.

Ciwon ajalin ya faro ne daga magani. Igiyar robar da ke juya fanka ta tsinke, Mutari bakanike na Kara-Kara ya sa sabuwa, ya ɗaure ta tamau, don shi bai yarda da abu sako-sako ba. Tun daga ranar Jummai ta tsiri wani siririn kuka, "iiiii," mai ƙaruwa in an ba ta wuta. Wani ya ce iska ce ta shige ta a gindin tsamiya, aka yi mata hayaƙi, ba ta fasa ba. Illa ya mayar da ita garaji da tano cike a bayanta. Mutari ya dafa ƙarfe a jikin inji, ya kara kunne.

"Yaya Illa, ɗebo mini moɗa ɗaya in zuba wa igiyar," in ji shi. "In kukan ya tsaya, igiya ce, ba komai. In bai tsaya ba, ciwon na ciki ne, kada ka hau hanya."

Garajin kuwa yana daura da famfon unguwa. Mata na jere da bokitai tun hantsi, famfo ko ɗigo, idanunsu duka a kan tanon Illa.

"Haba Mutari, ji tsoron Allah," in ji Illa. "A gaban bayin Allahn nan zan sheƙa wa roba ruwan sha? Da wane ido zan sake ratsa unguwar nan?"

Mutari ya ce to, igiyar sabuwa ce, wataƙila ta saba. A kan wannan aka sallami maras lafiya.

Gaba da Miriya kukan ya koma "ƙarrr," sannan ya ɗauke ɗif. Illa ya yi hamdala, ya ce ta warke. Ashe famfon da ke zagaya ruwa cikin inji ne ya cije, shi ne ke kukan tun farko. Tururi ya turnuƙe, ta gangara gindin wata aduwa ta tsaya. Ya juye mata rabin tano, yana kiran sunanta, ba ta amsa ba. Da ƙishirwa ta mutu, ruwa a bayanta. Illa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma duk wanda ya zo masa da zancen moɗa, ya san ba ta'aziyya ta kawo shi ba.

Ta bar tayoyi huɗu, babu biyu masu kama da juna, da ta biyar wadda ba ta taɓa riƙe iska ba. Ta bar sabuwar igiya, lafiyarta lau. Ta bar Illa, wanda baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Ba za a yi wa gawar wanka ba, saboda dalilin da kowa ya sani. Za a janyo ta Kara-Kara gobe bayan sallar asuba, inda Mutari zai raba gado. Zaman makoki a ƙofar gidan Illa ne, kowa ya zo da butarsa. Amma mai jaki ko amalanke, don Allah kada ya tsaya gaisuwa, ya wuce gindin aduwar nan ya kwashi ruwan da ya rage ya ƙarasa da shi ƙauye. Ba a gaya wa Inna Zuliha ba tukuna. Tun ranar Talata ta fito da tulunanta ta jera a ƙofar gida.